Sunan da Ba Mu Tambaya Ba

Bismillahi. Rubuta, Hanan 'yata, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Labarin Ummu Ragab nake so ya zauna a takarda, maƙwabciyarmu ta hawa na uku, wadda kika taso kina ganin kwandonta yana saukowa da igiya daga baranda kowace safiya, Ammu Sha'aban mai wake yana zuba mata.

A gidan nan na same ta ranar da aka kawo ni amarya Imbaba, unguwar nan tamu ta Alƙahira. Daga wani ƙauye can kudu mijinta ya ɗauko ta, ga koren zane a haɓarta irin na matan can. Mijin mai gyaran risho ne, bai yi tsawon rai ba. Ɗa guda Allah Ya ba ta, Ragab, ya tafi Libiya aikin gini, bango ya faɗo masa. Sunansa kaɗai ya bar mata, da shi kowa yake kiranta.

Ba ta da wata sana'a da za a nuna a ce ga ta. Amma duk gidan da tsoho ya kwanta ya kasa tashi a lungun nan, ƙarar silifanta za ki ji a matakala, ba wanda ya aika mata. Lokacin da ɓarin jikin kakarki ya shanye, ina ɗauke da cikin yayanki Ashraf, ko ƙofar ɗakin na doso sai amai ya taso mini. Ta shigo ta naɗe hannun riga ta ce, "Matsa can, 'yar gayu, je ki shaƙi lemon tsami." Ta juya tsohuwar nan kamar jaririya, ta goge ta da ruwan ɗumi, ta shafe ta da man zaitun, tana duba diddige da ƙugu, wai ta nan gyambon kwanciya yake fara leƙowa. In kakarki ta datse baki ta ƙi abinci, ba ta lallashinta. Sai ta ɗebi miyar lalo ta kai bakinta, ta yamutsa fuska ta ce, "Kai, Hajiya, ɗanɗana ki ji abin da surukarki take kira miya." Tsohuwa kuwa sai ta buɗe baki don ta samu abin zagina. A haka kwano yake ƙarewa.

Haka ta yi wa uban Ummu Girgis ta hawa na biyu, ba ta ce ai shi Kirista ne ba. Haka ta yi wa matar mai gidan haya, da wasu da yawa da na manta. In mace ta cika, ita take rufe mata ido, ita take wanka.

Wata rana mun fito daga wankan wata tsohuwa, hannunmu duk warin kafur, ta riƙe ni a matakala ta ce, "Ummu Ashraf, ni ba mutuwa nake tsoro ba. Hannun baƙo nake tsoro. In mutu inda ba mai juya ni alƙibla, ba mai tuna mini kalmar shahada, a wanke ni kamar ana wanke tukunya. Ke za ki wanke ni, kin ji?" Na ce, "Sai dai ke ki wanke ni, jikinki ya fi na jaki ƙwari." Ta ce, "Ba wasa nake ba." Na ɗauki alkawari, Allah Yana ji.

Shekaru suka ja, sai kanta ya fara juyawa. Ta zuba gishiri a shayi ta ba baƙo. Ta ɓoye cokula a cikin tanda, wai ɓarayi. Kwando ya sauko wa Ammu Sha'aban da takalmi a ciki. Mu matan gidan muka raba kwanaki, yau ni, gobe Ummu Girgis, jibi wata. Mu kai abinci, mu yi mata wanka, mu saka sakata ta waje in za mu fito. Ba wadda ta ambaci gidan tsofaffi. A lungunmu wannan kalmar da ita ake tsinuwa. In mace ta yi fushi da ɗanta sai ta ce, "To ɗauke ni ka jefa gidan tsofaffi ka huta," shi kuma ya faɗi yana sumbatar hannunta.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne kiran. Da rana ta yi ja, dab da magariba, sai ta fita baranda ta kama ƙarfe, ta ɗaga murya. Kuma wallahi ba muryarta ba ce. Murya ce mai kauri, da karin harshen ƙauyen kudu tsantsa, wanda ita ta daɗe da zubarwa.

"Ratiba! Ke Ratiba! Shigo gida, rana ta faɗi! Sai na zo da tsumagiya?"

Daga nan sai ta juyo ta nufi ƙofa, ta yi ta girgiza ta tana kuka.

Ranar da na fara ji ina cikin alwala, butar ta suɓuce mini. Babu Ratiba a gidan nan, babu a lungun nan. Ummu Girgis ta hauro tana zana gicciye a ƙirji ta ce, "Wa take kira?" Na ce, "Ni na sani?" Wata ta ce ƙila 'ya ce ta taɓa haifa ta mutu. Wata ta ce aljanarta ce, ai wadda ta yi shekaru tana taɓa gawa ba ta rasa abokan tafiya. Wata tsohuwa ta ce in mai ciwo ya fara kiran wanda ba a gani, to mutanen kabari ne suka zo rakiya, kuma duk wanda ya kuskura ya amsa, shi za su fara ɗauka. Astagfirullah, na san ba a cikin addini yake ba, amma ya shiga raina. Na kira limamin masallacinmu ya yi mata karatu, ta zauna lafiya lau ta saurara har ta ba shi shayi mai gishiri. Washegari da magariba kiran ya dawo. Daga lokacin, in ranar aikina ce, kafin rana ta yi ja na gudo ƙasa, na rufe taga, ina Ayatul Kursiyyu.

Ranar da ta ɓata, mai kawo tukunyar gas ne ya hau ya canza mata, ya sauko bai mayar da sakata ba. Bawan Allah bai sani ba. Magariba ta yi, muka ji kiran. Sai kuma shiru, ba girgizar ƙofa. Shirun nan ne ya tashe ni daga kan sallaya. Na hau na tarar da ƙofa a wangale, silifanta ɗaya a bakin matakala.

Maza suka bazu har bakin kogi. Aka yi shela a lasifikar masallaci, "Ummu Ragab ta ɓata, tsohuwa mai baƙar riga." Ba labari. Da safe ni da Ummu Girgis muka yafa mayafi muka tafi wurin 'yan sanda.

Wanda ke kan tebur ya ce, "Sunanta, Hajiya?"

Na ce, "Ummu Ragab."

Ya ce, "Na ji. Sunanta fa?"

Na dubi Ummu Girgis, ta dube ni.

Ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, in na leƙa tagar nan na ƙwala Ummu Ragab, mata goma za su waiwayo, har da gwaggona. Sunan da ubanta ya raɗa mata nake tambaya."

Ummu Girgis ta ce, "Yaro, shekara arba'in muna cin burodi da gishiri tare."

Ya ce, "To a shekara arba'in ɗin ba wadda ta tambaya?"

Wa zai tambaya? Ke kin sani, a lungun nan yaro yana fasa wa ɗan uwansa kai don ya ambaci sunan uwarsa a titi. Mace in ta haihu an rufe sunanta kamar yadda ake rufe gashinta. Mijinta ma "ke" yake ce mata. Muka dawo muka tambayi Ammu Sha'aban, ya ja da baya har ludayinsa ya faɗi, ya ce, "A'uzu billahi! Ni ina ni ina sanin sunan matar mutane?" Mai gidan haya ya ce shi sunan marigayi mijinta ya sani. Muka birkice ɗakinta muna neman katin shaidarta, muka samu cokula, muka samu busasshen burodi a cikin matashi, kati kam ta ɓoye shi inda ko ita ba za ta tuna ba. Hoto kuwa ba ta taɓa yarda ba, da an ɗaga waya take jan mayafi ta rufe fuska.

Muka shiga bin asibitoci. Ko'ina tambayar ɗaya ce, amsarmu ɗaya ce. Mu ce gajera ce, mai baƙar riga, da zane a haɓa. Su ce rabin tsofaffin Alƙahira ke nan. A wani asibiti wani ma'aikaci ya sassauta murya ya ce akwai wata tsohuwa da aka tsinta a bakin titi, ba suna, tana ɗakin ajiye gawa, in ba a samu masu ita ba za a kai ta maƙabartar sadaka. Ummu Girgis ta ce, "Ni ba zan iya ba, 'yar uwa, ki yafe mini." Na shiga ni kaɗai. Sanyin wurin har cikin haƙori. Na ce masa kada ya buɗe fuskar, ƙafa zai nuna mini, don ni nake yanke mata farce, na san babban yatsanta da ya karkace. Ya ɗaga zanen. Ba ita ba ce. Na ce alhamdu lillahi, sai kuma kunya ta kama ni, don wannan ɗin ma uwar wani ce, ita ma an rufe sunanta har ya ɓata. Na yi mata Fatiha na fito.

Tun daga ranar, in na ɗaga hannu zan yi kabbara sai in ga ƙafar nan. In ce yanzu haka Ummu Ragab tana wani wuri tana cikawa, fuskarta tana kallon bango ba alƙibla ba. Matar da ta wanke rabin lungun nan. Me zan ce wa Allah in Ya tambaye ni alkawari?

Wata mai shara a asibitin ce ta ce mana akwai motar hukuma da take kwashe tsofaffin da aka tsinta a titi, ta rarraba su gidajen tsofaffi. Da na ji kalmar sai da na dafe ƙirji. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙaramar bas, Ummu Girgis tana mitar gwiwa, tana cewa, "In muka daɗe muna wannan yawon, mu za su riƙe, su ce mun kawo kanmu." A kowane gida ba a barinmu mu wuce ƙofa. Ba dangi ba ne mu, kuma ba mu san sunan wadda muke nema ba.

Na ƙarshen da muka je wani gida ne na wata ƙungiyar taimako, can bayan gada, da itacen lemo a tsakar gida. Aka kai mu wurin wata mata mai tabarau, Malama Mirfat, ita ce mai kula da waɗanda ake kawowa. Ta ba mu kujera, ta saurare mu har ƙarshe. Ta ce, "Inna, ba Ummu Ragab a nan. Duk matan da ke sama mun san sunayensu, ko daga kati ko daga bakinsu."

Na ce, "'Yata, bar ni in hau in leƙa kawai. Ido ɗaya."

Ta ce, "Ba zan iya ba. Mata ne a kwance, wasu ba sutura sosai. In na buɗe wa kowa ya zo ya duba fuskoki, gidan ya zama kasuwa. Akwai waɗanda 'ya'yansu suke nema don su ƙwace musu ɗaki, ba don Allah ba. Amma ki bar mini sunanki da inda kike, in an kawo mai kama da ita zan neme ki."

Na ce, "Ummu Ashraf."

Ta yi murmushi ta ce, "Ga shi kuma. Naki sunan, Inna."

Na buɗe baki, sai na ji nauyi, kamar an ce in cire mayafi a titi. Ummu Girgis ta zungure ni ta ce, "Faɗi mana, ni ma yau in ji." Na sunkuyar da kai na ce, "Ni'imat."

Da ya fito daga bakina sai na ji shi baƙo. Na tsaya ina tunanin rabon da in ji wani ya faɗe shi. Ubanku bai taɓa ba. Sai muryar mahaifiyata ta faɗo mini, Allah Ya ji ƙanta, tana tsaye a ƙofar gidanmu da yamma, ni ina can ina wasa da ƙasa, tana cewa, "Ni'imat! Shigo gida, rana ta faɗi!"

Hanan, sai na gane. Na kama hannun Ummu Girgis na matse har ta yi ƙara. Na ce, "Ba aljana ba ce."

Ta ce, "Wa? Sakar mini hannu, mahaukaciya!"

Na ce, "Muryar nan mai kauri, ta ƙauye. Uwarta ce. Muryar uwarta take yi. Kanta take kira, sannan ta ruga ƙofa don ta amsa."

Na juya ga Malama Mirfat, har lokacin ina tsoron sunan, wata da watanni ina toshe kunne daga gare shi. Na ce, "Kuna da Ratiba?"

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Wadda take tayar mana da gida kowace magariba?"

Ban san yadda na hau matakalar nan ba. Ɗaki ne mai gadaje jere, da tsabta, ba zan yi musu ƙarya ba, ba abin da muke faɗa a lungu na gani ba. Amma shiru ya yi yawa, kowace tsohuwa tana kallon ƙofa. Tana gadon ƙarshe, an sa mata wata riga mai furanni da ba tata ba, an yanke mata gashi, ƙafa ɗaya a naɗe da bandeji. Ta rame har zanen haɓarta ya tattare. Malama Mirfat ta ce a tashar jirgin ƙasa aka tsince ta, ƙafa ba takalmi, tana tambayar jirgin kudu. Da aka ce mata wace ce ke, ta ce Ratiba, ba ta ƙara komai ba.

Na durƙusa na ce, "Ummu Ragab, ni ce. Ummu Ashraf ce."

Ta dube ni kamar bango. Ummu Girgis ta ce, "Ke tsohuwar banza, kin sa mun gama garin nan da ƙafa, ko sannu?" Ko gezau. Ta ja bargo ta rufe baki, idonta cike da tsoro. Mu take tsoro. A raina na ce mun same ta kuma ba mu same ta ba.

Na waiwaya taga, rana ta fara ja. Na ga ta fara motsi, tana neman sauko da ƙafa, tana jan numfashi za ta yi kiran. Ban yi shawara da kowa ba. Na yi bismillah a zuciyata, na miƙe tsaye, na riga ta. Na ce, "Ratiba! Ke Ratiba! Shigo gida, rana ta faɗi."

Ta tsaya cak. Ta ɗago kai. Da wata 'yar siririyar murya ta yarinya ta ce, "Na'am, Inna. Ga ni nan. Kada ki dake ni."

Na ce, "Ba zan dake ki ba. Kin shigo, shi ke nan. Zauna."

Ta kama gefen mayafina ta dunƙule a hannu, ta koma ta kwanta. Ba ta nemi ƙofa ba. Ummu Girgis ta juya baya tana fyace hanci, tana cewa ƙurar gidan nan ta yi yawa.

Ba su ba mu ita a ranar ba. Malama Mirfat ta ce sai ta zo da kanta ta ga inda za a ajiye ta, kuma hawa na uku da baranda ba zai yiwu ba. Kwanakin da muka yi muna jira, kullum ina can kafin magariba, ina tsoron in makara, ina tsoron in tarar da gadon an naɗe katifa. Limam ya je ya tsaya mana, mai gidan haya ma ya je. Ashraf ya yi ta gunaguni da na ce a fitar da kujerun ɗakin baƙi a sa gado, wai ina abokansa za su zauna. Na ce su zauna a kan kawunansu, matar nan ce ta yanke maka cibiya. Da Malama Mirfat ta zo ta duba ɗakin, ta duba banɗaki, ta koya mana yadda za mu riƙa wanke ƙafar, ta ce za ta riƙa leƙowa, in mun gaji kada mu ji kunyar faɗa. Na ce to. Ban ce ba za mu gaji ba, don na san nauyin tsoho.

Yanzu ga ta can bayan labulen nan, kina jin numfashinta. Na juya gadon yana kallon alƙibla tun ranar farko. Ba ta san ni ba, ba ta san Ragab ba, in an ce Ummu Ragab sai ta waiwaya ta ga da wa ake. In ta ƙi cin abinci, sai in ɗanɗana in ce Ummu Girgis ce ta dafa, zo ki ji abin kunya, sai ta buɗe baki. Har yau in zan yi kiran nan sai na yi bismillah tukuna, don ina tsaye ne a wurin matar da ta daɗe a kabari. Na tambayi limam ko da laifi, ya ce kira ki, Hajiya, Allah Ya san wa kike nufi. Abin da nake roƙo yanzu guda ne, Allah Ya sa ina kusa ranar da za ta cika, kada ya zama na riga ta.

Ummu Girgis ta gaya mini nata sunan a cikin bas muna dawowa, a kunne, ta ce in na faɗa wa Ammu Sha'aban sai ta kashe ni. Damyana. Sa shi a takardar. Ki sa nawa ma, da manyan baƙaƙe, ki nuna wa yayanki ko zai ji kunya, ki koya wa 'ya'yanki. Ni'imat.

Ajiye biron haka, rana ta yi ja. Ɗaga mini labulen in riga ta kiran.